Kofin Gwajin Ƙwaya na Fitsari: Amfaninsa ga Mai Motocin Haya da Inda Ya Gaza

Kayan da nake son yin magana a kansa kofi ne na roba mai murfi, wanda mutum ke yin fitsari a ciki domin a gane ko ya sha ƙwaya ko wiwi a 'yan kwanakin da suka gabata. Yana zuwa ne a rufe cikin leda mai ƙyalli, tare da 'yar jakar da ke tsotse danshi, kuma galibi guda 25 ne a kwali. A jikin kofin an jera tsinkayen gwaji, daga biyar zuwa goma sha biyu ko fiye, kowanne da haruffan da ke nuna abin da yake nema, an kuma lulluɓe su da takarda wadda ba a ɓarewa sai lokacin duba sakamako. Dillalan kayan asibiti a Kano suna sayar da shi da sunayen kamfanoni iri-iri, yawancinsu na ƙasar Sin, amma tsarin aikinsu ɗaya ne. Saboda haka abin da zan faɗa ya shafi wannan nau'in kaya ne gaba ɗaya, ba wani kamfani guda ba.

Ni ke kula da motocin haya na gidanmu masu jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, kuma abin da ya kai ni ga sayen kofin shi ne binciken da 'yan sanda suka yi wa ɗaya daga cikin direbobinmu. Ya goge wata mota da ke tsaye a gefen titi da sanyin safiya, babu wanda ya ji mummunan rauni, amma da jami'ai suka iso sai suka lura harshensa ya yi nauyi, yana ta gumi alhali lokacin hunturu ne. Suka caje motar, suka samu katin tiramol mai lamba 225, wato mai ƙarfin miligiram 225, a aljihun ƙofa. Babu abin gwaji a caji ofis ɗin, don haka sai washegari aka kai shi asibiti, daga baya kuma aka miƙa batun ƙwayar ga hukumar NDLEA bayan an sasanta gyaran motar da ya ɓata. Ana cikin rubuta bayani ne jami'in bincike ya dube ni ya ce, "Alhaji, ban da lasisi da mai tsaya masa, me kuke dubawa kafin ku damƙa wa mutum rayuka goma sha takwas?" Tambayar ta dace da kowane mai mota a tasha, kuma neman amsarta ne ya sa na shiga kasuwa.

Ta fuskar sauƙin aiki, kofin bai da matsala. Ba ya bukatar wuta ko batir, ba a ɗibar fitsarin a zuba a wani wuri, wanda hakan ke rage ƙyama da kuma zargin an sauya samfur. Direba ya shiga banɗaki ya yi fitsarin da ya wuce layin da aka zana a ƙasan kofin, ya murɗa murfin, ya miƙo. Abu na farko da ake dubawa shi ne ma'aunin zafi da ke manne a gefe, wanda ya kamata ya nuna tsakanin digiri 32 da 38 cikin minti huɗu da yin fitsarin, domin fitsarin da aka zo da shi daga gida a cikin gora ya riga ya huce. Bayan minti biyar a ɓare takardar a duba, kuma idan an wuce minti goma ba a duba ba, sakamakon ya ɓaci, domin layukan suna iya sauyawa idan tsinken ya daɗe a jiƙe. Wasu kofunan suna da ƙarin tabo masu sauya launi da ke tona asirin wanda ya surka fitsarinsa da ruwa ko ya zuba masa wani abu, kuma ina ganin ɗan ƙarin kuɗin da ake biya dominsu ya cancanta.

Wurin da aka fi ruɗewa shi ne karatun layukan, kuma na ga masu ilimi ma sun karanta shi a baibai. Kusan kowane magidanci ya san tsinken gwajin ciki, inda layi biyu ke nufin an samu abin da ake nema. A wannan kofin akasin haka ne. Kowane tsinke yana da wuri biyu, na sama mai harafin C da na ƙasa mai harafin T. Idan layi ya fito a duka biyun, to ba a ga ƙwayar ba. Idan na sama kaɗai ya fito, to ana zargin akwai ta. Idan kuwa na saman bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake da sabon kofi. Dalilin wannan juyin yana cikin yadda aka haɗa tsinken: akwai wani sinadari mai launi da ke tafiya da fitsarin yana haurawa, kuma idan bai haɗu da ƙwaya a hanya ba sai ya je ya maƙale a wurin T ya zana layi, amma idan fitsarin na ɗauke da ƙwayar sai ta riga ta kama shi, ya wuce wurin bai bar alama ba. Wannan ya sa layi komai dusashewarsa layi ne. Na sha ganin tsinken wiwi yana fito da layi mara ƙarfi ko a fitsarin wanda bai taɓa kusantarta ba, sai wani daga cikin shugabannin tasha ya ce ai wannan ya ɗan taɓa. Ba haka ba ne. Kofin ba ya auna yawa, e ko a'a kawai yake faɗa, bisa wata iyaka da aka ɗora masa, misali nanogiram 50 a kowace mililita ga wiwi. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ta faɗi duk wannan, amma da Turanci ne cikin ƙananan haruffa, kuma ban ga wanda ya zo da bayani da Hausa ba. Dole muka rubuta namu a babban kwali muka liƙa a bangon ofis.

Babban aibin kayan, wanda ya kamata duk mai niyyar saye ya sani tun kafin ya fitar da kuɗinsa, shi ne cewa yawancin kofunan da ke kasuwa an tsara su ne bisa abubuwan da ake sha a Amurka. Za ka ga tsinken PCP da na methadone da na oxycodone, abubuwan da da wuya ka ci karo da su a tashoshinmu, amma ka nemi na tiramol ka rasa. Rahoton 2018 na binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga ciki wiwi, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe zafin ciwo masu sa maye, waɗanda tiramol ce kan gaba a cikinsu, sannan miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. Wanda ya san tasha bai bukatar a gaya masa cewa tiramol ce abokiyar direban da ke son ya yi sawu biyu a rana. Dillalin farko da na je wa ya nuna mini tsinke mai haruffan OPI ya ce wannan zai kama ta, tunda danginsu ɗaya. Ba gaskiya ba ne. Tsinken OPI an yi shi ne domin morphine da kodin da hiroyin, kuma ginin sinadarin tiramol ya bambanta da nasu har tsinken ba ya gane ta. Mutum zai iya haɗiyar 225 da safe, alhali hukumar NAFDAC ba ta amince da abin da ya wuce miligiram 50 da 100 ba, ya yi fitsari da rana, kofi mai tsinke goma sha biyu ya wanke shi tas. Sai kofin yana da tsinke na musamman mai haruffan TRA ko TML sannan zai kama ta. Ban ɗauka dillalin ya yi niyyar cuta ba, shi ma abin da aka gaya masa ya maimaita, amma wannan kuskuren ya fi rashin gwajin illa, domin mai mota zai koma gida hankalinsa kwance a kan abin da ba a duba ba.

Ko an samu mai tsinken tiramol, akwai abubuwan da ke wucewa. Exol, wanda matasa ke sha sosai a Arewa, babu shi a kofunan da na gani. Sholisho da madarar sukudaye shaƙarsu ake yi, ba sa cikin abin da wannan gwaji ke nema. Ƙwayar Tafrodol, wadda binciken BBC na 2025 ya nuna yadda ake shigo da ita Afirka ta Yamma daga Indiya, haɗin tapentadol ne da carisoprodol, don haka ba a dogara da tsinken tiramol a kanta. Tsinken BZO yana kama diazepam da kyau, amma ba shi da tabbas a kan rochi. Giya kuwa tana da nata ma'aunin na hura iska, irin wanda jami'an hukumar kiyaye haɗurra ke riƙewa. Gadagi ya danganta ne da abin da mai dafawa ya jefa a tukunya. Abin da na ga kofin ya iya sosai shi ne wiwi, da kodin wadda har yanzu ake samu a ɓoye duk da haramta maganin tari mai ɗauke da ita a watan Mayun 2018, da diazepam, da tiramol idan akwai tsinkenta.

Sai kuma tambayar da 'yan sanda ke neman amsarta idan an yi haɗari, wato ko direban yana cikin maye a lokacin da yake riƙe da sitiyari. Kofin fitsari ba ya amsa wannan. Abin da yake gani shi ne ragowar da jiki ke fitarwa bayan ya sarrafa ƙwayar, kuma wannan ragowar tana daɗewa bayan mayen ya wuce. Kodin da tiramol sukan nuna na 'yan kwanaki, biyu zuwa huɗu a mafi yawan mutane. Wiwi a jikin wanda ya zuƙa sau ɗaya takan yi kamar kwana uku, amma a jikin wanda ya mayar da ita abincin kullum tana iya kaiwa wata guda, domin sinadarinta yana taruwa a kitse yana fita sannu a hankali. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya haɗiyi ƙwaya yanzun nan zai iya fitowa da tsabta, saboda ba ta kai ga mafitsara ba tukuna. A Ingila, tun watan Maris na 2015 doka ta ƙayyade yawan wasu ƙwayoyi da aka haramta tuƙi da shi a cikin jini, misali maikirogiram 2 a kowace lita ga sinadarin wiwi. 'Yan sandansu suna goga wani ɗan abin gwaji a bakin direba a gefen titi, wanda ke neman wiwi da hodar iblis a cikin yawu, amma ko shi dalilin kama mutum kawai yake bayarwa. Jinin da aka ɗiba a ofis aka tura ɗakin gwaje-gwaje shi ne kotu ke dubawa. Na kawo wannan ne domin a gane matsayin kofinmu: idan waɗanda suka tanadi doka da na'ura ba su hukunta mutum da gwajin gefen titi ba, bai dace mai mota a tasha ya ɗauki layi ɗaya a jikin roba ya mayar da shi hukunci ba, balle ya kwashi kofin ya nufi caji ofis da sunan hujja.

Akwai kuma lokacin da kofin ke yi wa mai gaskiya ƙazafi, kuma wannan da idona na gani. Muna da wani dattijon direba wanda ya girme ni, mutum mai kamun kai, wanda ko sigari ban taɓa gani a hannunsa ba. Da ya miƙo kofinsa sai na ga fitsarin ja-ja ne kamar an surka masa kala, kuma da aka ɓare takardar, tsinken OPI layi ɗaya ya nuna. Ofishin ya yi tsit. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, shekarun nan nawa ne zan fara shan kodin?" Na ce, "Baba, ban ce ka sha ba, zauna mu bi abin a hankali. Akwai maganin da kake sha?" Ya yi jim, sannan ya zaro katin asibiti daga aljihun gaban rigarsa. Maganin tarin fuka yake karɓa, kuma a cikinsa akwai rifampicin, wanda aka san yana rina fitsari ya koma ja, aka kuma san yana iya ruɗa tsinken OPI. Muka tura samfur ɗakin gwaje-gwaje mai na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, sakamako ya dawo babu komai. Ba rifampicin kaɗai ke yin haka ba. Ofloxacin da danginsa suna iya taɓa tsinken OPI, efavirenz da wasu masu cutar ƙanjamau ke sha yana iya nunawa kamar wiwi, maganin mura mai pseudoephedrine kuma yana iya taɓa tsinken AMP, mai neman ƙwayar amphetamine. Abin da ya fi damuna a ranar shi ne dattijon ya bayyana ciwon da ya so ya rufa wa kansa asiri a kai, a gaban mutanen da ba su da hurumin sani. Tun daga nan ba a ɓare takardar kofi a ofishinmu sai daga ni sai mai fitsarin sai ma'aikacin lafiya guda da muke gayyata, kuma kafin mutum ya shiga banɗaki ana tambayarsa magungunan da yake sha a rubuta.

Ajiya ma tana da nata sharaɗin. A jikin kwalin an rubuta a adana shi tsakanin digiri 2 da 30, alhali daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura 40. Kofunan da suka yini a cikin mota a rana sun ba mu tsinkayen da layin C bai fito ba, wato asara ce kawai. Ɗakin da ya fi sanyi a gida shi ne wurinsu, ba ofishin tasha mai rufin kwano ba, kuma yana da kyau mai saye ya leƙa ya ga inda dillalin kansa ke ajiye su. Idan an yage leda a yi amfani da kofin nan take. Murfin wani samfurin da muka gwada yana yoyo idan an karkata shi, kuma ba kowane kwali ke zuwa da safar hannu ba, don haka a tanade ta daban.

Batun kuɗi ba zan kama lamba ba, domin farashin yana bin dala yana hawa da sauka, amma kofi ɗaya bai kai kuɗin man da bas ke sha daga Kano zuwa Zariya ba. Idan aka kwatanta da gyaran gaban mota guda, ko da zirga-zirgar beli da asarar kwanakin da mota ke yi a tsare, ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne. Gwajin tabbatarwa a ɗakin gwaje-gwaje shi ne mai tsada, kuma wajibi ne mai mota ya sa shi a lissafinsa tun farko, domin duk wanda ya musanta sakamakon kofi yana da haƙƙin a tabbatar, kuma ba daga aljihunsa ba.

Amfanin da na fi gani daga kofin bai zo ta wajen kama mutane ba. Ya zo ne ta wajen maganar da ya buɗe. Mun sanar da direbobi tun da wuri a gaban shugaban reshen ƙungiyarsu, kowa ya sa hannu a kan yarda, aka kuma fara da ƙanena wanda shi ma yana jan ɗaya daga cikin motocin, domin kada wani ya ga kamar shi aka nufa. Ba a sanar da ranar gwaji. Tun kafin a fara, wasu suka same ni a keɓe suka ce gara su faɗa da bakinsu. Ɗayansu ya ce, "Ranka ya daɗe, idan ban sha ba bayana ba ya barina in kai Abuja, kuma balas ɗin da kuka yanka ba ya fita sai na juyo a ranar." Wannan magana tana da nauyi, kuma babu tsinken da ke auna ta. Mafi yawan direbobin da ke shan tiramol ba nishaɗi suke nema ba, gajiya suke korewa, ga ciwon baya, ga rashin barci, ga kuɗin da ake jira su kawo da dare. Haɗarin kuwa babba ne, domin tiramol mai yawa tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da gargaɗi ba, kuma mutum na iya kasancewa a kan gudu a lokacin. Sai da muka hana juyowa daga Abuja a rana ɗaya muka kuma sassauta balas sannan sakamakon gwajin ya fara gyaruwa. Wanda jikinsa ya riga ya saba kuma ba a ce masa ya daina yau-yau, domin yankewa farat ɗaya tana kawo ciwon jiki da rawar ɗari da rashin barci, waɗanda kan mayar da shi ga ƙwayar. Irin wannan likita yake bukata, kuma akwai inda za a je: asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, sannan hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. A tsarinmu ana sauke mutum daga mota har sai ya warke, a ba shi aikin lodi a tasha domin kada gidansa ya rasa cefane, kuma ba a sallamarsa sai idan ya ƙi zuwa asibiti.

Ina ba masu motocin haya, da makarantun da ke da motar ɗaukar yara, da shugabannin tashoshi shawarar su sayi wannan kofi, matuƙar sun shirya biyan gwajin tabbatarwa kuma suna da wanda zai riƙe sirrin sakamako. Ban ba da shawararsa ga wanda ke neman hujjar korar direban da ya riga ya tsana ba, haka nan ban ga amfaninsa ga wanda ke son sanin abin da ya faru a daidai lokacin haɗari ba, domin wannan aikin jami'an bincike ne da gwajin jini. A odar da za mu yi nan gaba na shaida wa dillalin cewa ba zan karɓi kwalin da babu TRA ko TML a jikinsa ba, ko wanda wa'adin lalacewarsa bai kai shekara guda nan gaba ba, kuma zan buɗe kofi ɗaya a shagon in karanta haruffan da kaina kafin a ɗora kayan a mota.